Na goge littafin bashin Yayana garin koyon Linux

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, ina unguwar Yelwa a Garwa. Na gama BTS, wato diflomar fasaha ta bayan sakandare, a fannin kwamfuta, amma har yau aikina buga takardu da fotokofi a shagon wani. Kwanaki na je ganawar neman aiki a wani kamfani mai ja wa ofisoshi intanet. Suka juyo mini da kwamfuta mai baƙin allo, babu abin dannawa sai rubutu, suka ce in gano abin da ya cika mata ciki. Na kasa ko motsi. Na dawo na ƙudura sai na koyi Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Da yake ba ni da kwamfuta, na ari ta Yayana da yake lissafin shagonsa na kayan babur, na sa mata Ubuntu, wani nau’in Linux. Ashe na goge komai, har littafin bashin da yake bin mutane. Yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata, Baba kuma ya ce in bar shirme in zauna shago. Wani abokina ya ce Ubuntu na yara ne, Kali ake yi. Wani ya ce akwai makaranta a Duwala da za ta ba ni satifiket in na biya sefa dubu 350, har ina tunanin roƙon Inna ta sayar da tumakinta. In ci gaba ko in haƙura?

Ɗanka daga Yelwa

Wa alaikumus salam, ɗana.

Maganar ci gaba ko haƙura ta ɗan jira tukuna. In kwamfutar Yayanka tana kunne yanzu, tashi ka kashe ta, ka hana kowa kunna ta. Lokacin da ka zaɓi “Effacer le disque”, wato share faifai, Ubuntu bai bi faifan lungu-lungu ya share ba. Sabon tsari ya shimfiɗa, ya zuba nasa fayilolin a wani sashe, sauran wurin ya ɗauke shi fili. Takardun Yayanka suna iya kasancewa a wurin har yanzu, sai in an rubuta wani abu a kansu. Duk kunnawa ɗaya, duk bidiyon da aka sauke, ƙarin rubutu ne a kansu.

Ka tayar da ita daga filash ɗin da ka yi aikin da shi, amma wannan karon ka zaɓi “Essayer Ubuntu”, wato gwada shi kawai, wanda ba ya taɓa faifan ciki. Ka ba ta intanet daga wayarka, ka buɗe taminal, wato baƙin allon nan da ya ba ka kunya, ka rubuta sudo apt install testdisk. A cikin wannan ƙunshin akwai PhotoRec, manhajar tsamo fayilolin da aka goge, aikin wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier. Ka tanadi faifan waje ko babban filash, domin can za ka zuba abin da aka tsamo. Kada ka kuskura ka zuba a faifan da kake ceto. A wurin zaɓen irin fayil, ka cire alama daga komai ka bar zip da doc da jpg, saboda takardun Excel na yanzu a ƙarƙashin zip suke fitowa, tsofaffin kuma a ƙarƙashin doc. Ka ce ya bi faifan gaba ɗaya. Aikin sa’o’i ne, don haka ka fara lokacin da wuta ta zauna. Abin da zai fito ba shi da sunansa na da, sai harafin f da jerin lambobi, kai ne za ka zauna ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan yi maka alkawari ba. In tsohon faifai ne mai juyawa, akwai kyakkyawan zato. In SSD ne, wato faifan zamani marar juyawa, sau da yawa lokacin shimfiɗa sabon tsarin ake ba shi umarnin ya watsar da tsohon abin da ke cikinsa, kuma ba ya dawowa. Saboda haka ka nemi bashin ta wasu hanyoyin ma: hotunan lissafi da Yaya ya taɓa tura wa mutane ta WhatsApp, saƙonnin Orange Money da MoMo a wayarsa, tsofaffin rasit, da abin da yaran shago suke tunawa. Ka je ka same shi ka ce, “Yaya, laifina ne, na taɓa kayanka ban ajiye kwafi ba, ga abin da nake yi a kai.” Kada ka ce Linux ne ya yi, ko kwamfutar ce ta rikice. An rubuta maka gargaɗi a allo, ka danna ci gaba. Wanda zai riƙe sabar mutane, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita, wannan ce tarbiyyarsa ta farko, ya faɗi abin da hannunsa ya yi kafin a gano.

To, yanzu tambayarka. Ka ci gaba, amma ba ta hanyar da ka ɗauko ba.

Abin da ka hango gaskiya ne. Linux da Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991, shi ne a ƙarƙashin Android ɗin da ke aljihunka, shi ke ɗauke da mafi yawan sabobin intanet, kuma tun ƙarshen 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Manhajar DHIS2 ta Jami’ar Oslo, wadda ma’aikatar lafiyar Kamaru ke tara alƙalumanta da ita, bisa sabar Linux aka saba ɗora ta. Lasisin Linux na GPL, wanda ya fito daga shirin GNU da Richard Stallman ya kafa a 1983, ya halatta maka ka kwafa, ka ba wani, ka buɗe cikinsa ka karanta. Wannan yana da amfani a aljihunka kai tsaye: Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, ba sai ka ƙona kuɗin data ba, ka karɓa a filash wurin ɗalibin jami’a, ka gwada shi da sha256sum ka ga lambar ta dace da wadda ke shafinsu. Ba sata ba ce, ba irin fasasshiyar Windows ɗin da ake zuba wa mutane a kasuwa ba.

Abokinka na Kali kuwa, ka gaishe shi. Kali a kan Debian, wani nau’in Linux, aka gina shi, kamar yadda aka gina Ubuntu a kan Debian. Bambancinsa tarin kayan gwajin tsaro da aka cusa masa, kuma masu yin sa da kansu sun rubuta cewa ba su shawarci wanda bai san Linux ba ya fara da shi. Yaran da ke yawo da hoton dodon Kali a allo, akasarinsu Wi-Fi ɗin maƙwabci suke hari, alhali dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri ga mai shiga na’urar wani ba izini. Kai da Yayanka ke da shagon kayan babur ka fi kowa sani: wanda yake sauya wa babur kwali da fenti duk mako bai zama bakanike ba, injin ɗaya ne, kuma shi ake buɗewa. Ka zaɓi ɗaya, Debian ko Ubuntu mai alamar LTS, wato mai doguwar kulawa, ka zauna a kansa shekara guda. Irin LTS duk shekara biyu yake fitowa a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar, don haka 24.04 zai kai ka 2029. Daga baya ka leƙa dangin Linux na kamfanin Red Hat ta Rocky Linux ko AlmaLinux, za ka tarar umarnin sa manhaja na apt ne ya koma dnf, sauran kusan duk ka sani.

Kana bukatar kwamfutarka ta kanka, wadda za ka lalata ba mai fushi. Ba sabuwa ba. Tunda Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin na’urori marasa ɗan guntun tsaro na TPM 2.0, akwai ThinkPad da Latitude na hannu da masu su ke ganin sun tsufa, alhali Linux zai gudu a kansu lafiya. RAM giga 4 ya isa Lubuntu, wato Ubuntu marar nauyi, ko saba marar tebur, wato marar allon hotuna da ake dannawa. In ka samu giga 8, za ka iya tayar da ƙananan kwamfutoci biyu a cikinta da VirtualBox ka haɗa su suna magana. Ka duba batir kafin ka duba kyan jiki. Allon da ya tsage a gefe ba matsala ba ne, rage kuɗi ne. Kafin ka tara kuɗin, ka sa Termux, taminal na waya, a wayarka daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka riƙa koyon ls da cd da cp da grep a lokacin da babu mai kawo fotokofi.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ba a koyon Linux da kallon bidiyo, ba a kuma koyonsa da sauya hoton tebur. Ana koyonsa ne ranar da aka ɗora maka na’ura ɗaya da wani yake dogara da ita, wadda in ta tsaya za a kira wayarka. Kai kuma Allah ya kawo maka aikin har gida: shagon Yayanka ba shi da ajiyar kwafi, shi ya sa kuskure ɗaya ya kwashe lissafin shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka mayar da tsohuwar kwamfutar da za ka saya ta zama ma’ajiyar shagon.

Ka sa mata Debian ko Ubuntu Server, ba tebur, ba linzami. Ƙaramin faifan shigar da Debian bai kai giga ɗaya ba. Ka ba ta adireshi tsayayye a kan na’urar Wi-Fi ta shago. Ka sa mata SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ka shige ta daga wayarka kana zaune a benci. Ka buɗe wa Yaya asusunsa, yaron shago nasa, ka tsara da chmod da chown yadda yaron zai karanta farashi amma ba zai ga bashi ba. Ka sa Samba, manhajar raba fayiloli da Windows, don kwamfutar Yaya, wadda za ka mayar masa da Windows ɗinsa, ta ga jakar kamar tata. Sannan ka rubuta ɗan gajeren umarni na rsync da zai kwafe lissafin, ka ba cron, mai tayar da umarni a kan lokaci, ya riƙa tayar da shi kullum kafin a rufe shago. Ka yi hattara da --delete a rsync, in ka juya tushe da masauki, zai share na gaskiya ya daidaita shi da fanko. Kuma duk ƙarshen wata ka ɗauko fayil ɗaya daga ma’ajiyar ka buɗe a gaban Yaya. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai.

Za ka ci karo da ƙananan abubuwa da babu mai gaya maka a aji. Za ka rufe murfin kwamfutar ka ga sabar ta yi barci, sai ka je /etc/systemd/logind.conf ka mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore. Za ka rubuta kalmar sirri bayan sudo ka ga ko tauraro bai fito ba, ka zaci madannan sun mutu, alhali haka aka yi shi. Kwamfutocinmu kuma gauraye suke, waɗanda suka shigo ta Najeriya QWERTY, na Faransa da Beljiyam AZERTY. In ka zaɓi tsarin da ba nata ba, za ka danna a ta rubuta q, kalmar sirrinka ta ƙi shiga, sai loadkeys fr ko loadkeys us ya warware. A AZERTY na Faransa, sandar nan | da ke miƙa sakamakon umarni ɗaya ga na gaba tana AltGr da 6, ~ kuma AltGr da 2. Batun wuta ma darasi ne. Arewa da madatsar Lagdo ta dogara, in ruwa ya ja baya a rani kowa ya san abin da ke biyowa. Batirin laftof zai riƙe ta ɗan lokaci, amma aikinka ne ka tabbatar in ta mutu ta tashi, komai ya tashi da kansa, nan za ka san amfanin systemctl enable. A Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Garwa, ka ɗaga ta daga kan tebur iska ta shiga, ka sa lm-sensors kana duba zafinta, ka hure mata ƙurar hunturu.

Bari mu koma tambayar da aka yi maka a ganawar, don ka ga ba tsafi ba ne. Ka rubuta df -h, zai jero sassan faifai da yawan abin da kowanne ya ci. Ka ga ɗaya ya kai 100%. Sai ka rubuta sudo du -sh /var/* | sort -h, mafi nauyi zai sauka ƙasan jerin. Sau da yawa /var/log ne. Ka shiga, ka ga fayil ɗaya ya kumbura, ka karanta wutsiyarsa da tail, ka tarar wata manhaja ce take maimaita kuka ɗaya ba tsayawa. Yaro zai share fayil ɗin ya ce ya gama, gobe ya sake cika. Wanda za a ɗauka aiki shi ne zai ce, “Ga mai kukan, ga dalilinsa, zan gyara shi, sannan in duba me ya hana logrotate, mai aikin rage irin waɗannan fayilolin, rage tarin.” Umarni uku ne ko huɗu. Abin da suke dubawa shi ne ko kana karanta abin da allo ya faɗa kafin hannunka ya motsa.

Kan harshe, Faransancinka zai kai ka nesa: shafin bayanai na ubuntu-fr yana da kyau, akwai kuma ƙunshin manpages-fr. Amma amsoshin matsaloli sun fi yawa da Ingilishi. In saƙon kuskure ya fito da Faransanci, ka sa LC_ALL=C a gaban umarnin ka maimaita, zai fito da Ingilishi, ka kwafe shi yadda yake ka nema. Ka sayi littafin rubutu mai kauri, duk abin da ya lalace ka rubuta alamarsa, abin da ka gwada, da abin da ya gyara. Wannan littafin, tare da rubutattun umarninka da za ka ajiye a GitHub, shafin da masu fasaha ke ajiye aikinsu, su ne abin nunawarka.

Satifiket yana da ranarsa, amma ba yau ba, kuma ba da tumakin Inna ba. Ka tambayi makarantar Duwalan abu ɗaya: takardar wa za su ba ka? In tasu ce ta kansu, darajarta iyakar inda aka san su. In ta LPI ce, wato cibiyar da ke shirya jarrabawar Linux, ko Red Hat, to ba su ke bayarwa ba, shirya ka kawai za su yi, jarrabawar daban ake biya. LPI ta zuba littattafan karatunta kyauta a shafinta. Linux Essentials tambaya 40 ce cikin awa ɗaya kuma ba ta ƙarewa. LPIC-1 jarrabawa biyu ce, 101 da 102, tana aiki shekara biyar. RHCSA ta Red Hat ba ta da zaɓi-ka-cika, na’ura ake ba ka a ce yi kaza, gyara kaza, shi ya sa ni na fi ganin girmanta. Duk cikinsu, wanda ya yi wata shida yana renon saba zai shiga da rabin amsa a hannu. Gasar shiga aikin gwamnati kuwa BTS ɗinka za ta tambaya, in kana son ƙari a wannan layin, digirin Jami’ar Ngaundare ko ta Marwa ya fi maka kwas ɗin makarantar Duwalan.

Kada kuma in ruɗe ka da batun aiki. Kujerun da ake kira mai kula da sabar Linux zalla sun fi yawa a Duwala da Yawunde, inda manyan ofisoshin bankuna da kamfanonin waya suke. A nan arewa, ko a ƙungiyoyin agaji na Marwa da Kuseri, ko ƙetaren gada a Njamena, mutum ɗaya ake nema da zai haɗa igiyar sadarwa, ya saita na’urar rarraba intanet ta MikroTik, ya lallashi firinta, ya gyara Windows ɗin akanta, ya kuma riƙe saba. Don haka kada ka shiga sahun masu zagin Windows, shi ne a teburin wanda zai sa hannu a albashinka. Ka haɗa Linux da ilimin sadarwa: adireshin IP, rarraba shi, DNS, DHCP. Bayan wata uku ko huɗu, ka koma kamfanin da suka gwada ka, ka nemi sitaj, wato zaman koyon aiki, ko da ba biya, ka riƙe littafinka. Mutanen fasaha suna tuna wanda ya faɗi ya dawo da shiri.

Saura Baba. Shi abin da ya gani, ɗa ya taɓa na’ura, dukiyar gida ta salwanta, ba za ka ce bai yi gaskiya ba. Kada ka je masa da sunayen Debian da Ubuntu. Ka karɓi zaman shagon da safe, ka taya Yaya bin bashin nan ƙafa da ƙafa, wannan biyan abin da ka ɓata ne, kuma shagon ne ma wurin da sabarka za ta zauna. Abin da za ka roƙa shi ne yammacinka, da wa’adi bayyananne, a ce wata shida, a ga ko sitaj ya samu. Kada ka tura Inna ta yi maka roƙo. Ka je da bakinka bayan sallar isha’i, kuma ka bari sai Yayanka ya huce, don ya kasance yana zaune a wurin.